Inna da Kawu Za Su Umra: Yadda Za Su Je Su Dawo Ba Su Faɗa Hannun Hukuma Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Alhaji. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Taura. Bana Allah ya yi wa riɗi albarka, mun haɗa kuɗi ni da 'yan'uwana za mu kai mahaifiyarmu Umra, ƙaninta zai raka ta. Dukansu ba su taɓa hawa jirgi ba, ba sa jin Larabci ko Turanci, ita kuma tana shan maganin hawan jini da na ciwon gwiwa. Labaran kama mutanenmu a Saudiyya suna tayar mini da hankali. Me za mu kiyaye? Sannan Kawun nawa yana cewa in ya samu dama zai tsaya can har ya yi Hajji.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku ma 'ya'yanku su yi muku fiye da haka. Na daɗe ina aikin rakiyar alhazai da masu Umra daga wannan yanki namu, kuma zan fara da cewa ka kwantar da hankalinka. Mafi yawan masu tafiya lafiya suke zuwa, lafiya suke dawowa, ba wanda ya ce musu kanzil. Amma waɗanda na ga sun shiga uku a can, da wuya ka samu mugu a cikinsu. Mutanen kirki ne, kuma kusan kullum matsalar daga gida ta taso, tun kafin a ga ƙofar jirgi.

Ka san halinmu. Da zarar labari ya bazu cewa wance za ta Makka, gidan ba zai sake rabuwa da baƙi ba. Wannan ta zo da ƙullin kuka da daddawa a kai wa 'yarta da ke aikatau a Jidda, wancan ya kawo robar yaji a miƙa wa wansa da ya daɗe a Makka, wani kuma da ba a ma san shi sosai ba ya biyo ta hannun suruki ya ce ɗan maganin basir ne kawai. A wajenmu ƙin karɓar saƙo rashin mutunci ne, dattijuwa kamar Innarka kuwa ta gwammace ta bar nata kayan ta ɗauki na mutane. To wannan kyakkyawar ɗabi'a ce masu safarar ƙwaya suka fi dogara da ita. Sun san tsohuwa mai carbi ba ta jawo zargi, sun san ba za ta kwance ƙullin mutane ba saboda amana. A can kuwa ba ruwan jami'i da wanda ya ba ka. Abin da yake dubawa shi ne jakar wa aka samu abin a ciki, sunan wa ke jikinta. Hukuncin shigar da miyagun ƙwayoyi Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma ba faɗar baki ba ce. A Afrilun 2019 an zartar wa wata 'yar Najeriya wannan hukunci. Hukumomin Saudiyya sun dakatar da shi na ɗan lokaci, suka dawo da shi a ƙarshen 2022, kuma a 2024 kaɗai sun kashe mutum fiye da 100 a kan laifin ƙwaya, yawancinsu baƙi, har da 'yan ƙasarmu.

Saboda haka kai za ka ɗauke wa Inna nauyin kunyar nan. Tun yanzu ka sanar cikin dangi da maƙwabta cewa ba za a karɓi saƙon kowa ba, ka ce hukumar alhazai da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, suna gargaɗi a kan haka kowace shekara, kuma gaskiya ne suna yi. Wanda ya yi fushi zai huce kafin su dawo. Kada ka buɗe ƙofar “sai dai na wane”, domin da ka karɓi na mutum ɗaya ka rasa bakin hana sauran. Kuma ba ina nufin 'yan'uwanku macuta ba ne. Sau da yawa wanda ya kawo ƙullin shi ma ba shi aka yi, bai san abin da ke ciki ba. An sha samun ƙwaya a cikin kayan abinci, da tafin takalmi, da bangon jaka da aka farke aka sake ɗinkewa. Don haka ko jakar ma kada a ara. Ku sayi sabuwa da kanku, ku shirya kayan da hannunku, ku sa kwaɗo, mabuɗin yana wuyan Inna.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan muni, wadda mutum bai karɓi komai ba amma a ɗora masa. A Disambar 2018 wata ɗalibar jami'a ta tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta zuwa Umra. Tana masaukinta a Madina jami'an tsaro suka zo suka tafi da ita, saboda wata jaka mai ɗauke da tiramadol da aka manna wa sunanta. Ba ta taɓa ganin jakar ba. Sai da NDLEA ta bincika ta gano wasu ma'aikata a filin jirgin ne ke liƙa sunayen matafiya a kayan da ba nasu ba, gwamnati ta shiga maganar, sannan aka sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan wata huɗu a tsare. A 2025 ma an sake irin wannan da wasu mutum uku da suka tashi daga Kano zuwa Jidda, su ma da ƙyar aka karɓo su.

Kariyar wannan tana wajen awon kaya. Duk jakar da aka auna, ana ɗaura mata doguwar takarda mai lamba, sannan a ba matafiyi ƙaramin yanki mai irin lambar, yawanci a manna shi a bayan takardar shiga jirgi. Wannan ɗan yanki ka ɗauke shi kamar rasit ɗin buhunan riɗinka a kasuwa: in buhu biyu ka kai, biyu za a rubuta. In Inna jaka ɗaya ta ba da, yanki ɗaya za a ba ta. In aka ga biyu ko uku, a tsaya nan take a yi magana, kada a matsa. Kawu ya tsaya da ƙafarsa har ya ga an ɗaura wa kayansu lamba sun wuce, ya ɗauki hoton jakunkunan da na yankunan da wayarsa, ya turo maka ta WhatsApp kafin su shiga ciki. Kada su miƙa fasfo ga kowane mai cewa “kawo in taimaka miki, Hajiya”, sai ga ma'aikacin da ke bayan kanta. Za su kuma haɗu da masu cewa, “Na ga kayanku ba nauyi, ku taimaka mini da ragowar kilo.” Amsar a'a ce, ko mai maganar da rawani yake, ko kuɗi ya ce zai bayar. In sun sauka, nasu kaɗai za su ɗauka. In aka bugo waya masauki aka ce wata jaka ta iso da sunan ɗayansu alhali kayansu sun cika, kada su je karɓa, kada su sa hannu, su gaya wa jagoran tafiyarsu.

Yanzu maganin Inna. Na hawan jini ba matsala ba ne. Na gwiwar ne nake so ka duba da idonka. A kemis ɗin ƙauye an saba a zuba wa mutum haɗi a leda, ja da fari da kore, ba suna ba kwali, kuma a cikin irin wannan haɗin na ciwon jiki akan samu tiramadol. Shi da kodin da ke cikin wasu magungunan tari, da magungunan sa barci irin su diyazefam, duk suna cikin waɗanda Saudiyya ta sa wa tsauraran sharuɗɗa. Ka kai ta babban asibiti mafi kusa da ku, Ringim ko Dutse, da duk abin da take sha. Likita ya duba, in akwai mai matsala ya canza mata da wani, ya rubuta takarda mai hatimin asibiti da sunanta, da cutar, da sunan kowane magani da yadda ake shansa. A tafi da maganin cikin kwalinsa na asali, gwargwadon kwanakin tafiya, a jakar hannu tare da takardar. Garin magani na gargajiya, da sassaƙe, da saiwoyi, da kayan mata da ake yawan aikawa, duk a bar su a gida. Jami'in da ya ga gari a ƙulle a leda ba suna, ba zai saki mai shi ba sai an gwada, kuma kwanakin gwajin a tsare ake yin su.

Goro ma haramtacce ne a shiga da shi. Na san wannan yana yi wa dattawa nauyi, in Kawu ma'abocinsa ne ya fara ragewa tun yanzu.

Sai maganar da mutane ba sa son a taɓo, amma dole in faɗa: laya da guru da kambu da rubutu. Ba hukunci nake yankewa a kan abin da mutum ya yarda da shi ba, wannan aikin malamai ne. Abin da na sani shi ne a Saudiyya sihiri laifi ne da kotu ke hukuntawa, har an kashe wani ɗan Sudan a Madina a 2011 a kansa, kuma jami'in da ya farke laya ya ga hatimi da zane-zane da lambobi ba zai tsaya jin cewa ta tsarin hanya ce ba. Tsofaffinmu da yawa suna da ita a ɗamara ko a cikin kitso ko ɗinke a jikin jaka, har sun manta da ita. Ka sa wata babbar 'yarta ta duba mata cikin ladabi kafin tafiya. Shi ma Kawu ka tambaye shi kai tsaye.

To, ga Kawu da niyyarsa ta tsayawa har Hajji. Ka karanta masa wannan sashe da kyau, ka ce in ji ni. Na san inda tunanin ya samo asali. Kakanninmu sun tafi a ƙasa ta Chadi da Sudan suna shekaru a hanya, a baya-bayan nan kuma kowa ya san wani da ya je Umra ya ɓuya a unguwannin takari har ya yi Hajji ya dawo ana kiransa Alhaji. Wancan zamanin ya wuce. Yanzu tun a filin jirgi ake ɗaukar hoton yatsun mutum da fuskarsa, kwamfuta ta san ranar da ya shiga da ranar da ya kamata ya fita. Bizar Umra ba ta Hajji ba ce, kuma kowace shekara suna sanya ranar da dole duk mai Umra ya bar ƙasar kafin aikin Hajji. A 2025 ranar 1 ga Zulƙida ce, wato 29 ga Afrilu. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, da ɗaurin da ya kai wata shida, sannan a koro shi. Wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba tasrihi, wato takardar izinin Hajji, a dokar da suka sanar a 2025, tararsa ta kai riyal 20,000, a koro shi, a hana shi shiga ƙasar shekara 10. Wanda ya ɓoye shi ko ya ɗauke shi a mota, tasa tarar ta kai riyal 100,000, ka ga har ɗan'uwan da ya sauke shi ya jefa cikin bala'i. Kafin a koro mutum kuma sai ya yi zaman tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, a Shumaisi, tsakanin Makka da Jidda, wurin da ba na yi wa kowane dattijo fatan kwana ɗaya a ciki.

Ko da bai shiga hannu ba, ransa yake kasada da shi. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 na mamatan marasa izini ne. Dalilin a fili yake. Mara tasrihi ba shi da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba shi da motar da za ta ɗauke shi, a ƙasa yake ratsa duwatsu cikin rana yana gudun askar, wato jami'an tsaronsu, in jiri ya kwashe shi yana tsoron zuwa asibiti. Sannan akwai tambayar da nake so ya amsa wa kansa: amanar yayarsa aka ba shi, in ya ɓuya wa zai dawo da ita? In Hajji yake so, ofishin hukumar jin daɗin alhazai yana Dutse, akwai jami'inta a ƙaramar hukuma, akwai kuma tsarin adashin gata da mutum zai riƙa zuba kuɗi a hankali har Allah ya cika masa.

Wannan ya kawo mu ga wanda kuka ba kuɗin tafiyar. Ka tabbatar kamfanin yana da lasisin NAHCON, hukumar alhazai ta ƙasa, ka je ofishinsu da ƙafarka, ka biya ta banki da sunan kamfani, ba cikin asusun wani ɗan unguwa da ya ce ya san hanya ba. Ka karɓi bizar a hannu ka sa wanda ya iya karatu ya duba maka irinta da wa'adinta, ka ga tikitin dawowa, ka ga sunan masaukin Makka da na Madina a rubuce. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. A yi allurar shawara a karɓi katin nan mai ruwan ɗorawa daga jami'an lafiya na tashoshin shiga ƙasa, ba na bayan fage ba, a yi ta sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Duk takardun nan ka yi musu kwafi, ɗaya a jakarsu, ɗaya a wajenka. Guzurin Inna ba zai kai adadin da doka ta ce a bayyana ba, wanda a Najeriya ya fara daga abin da ya haura dala 10,000, amma kada su yarda wani ɗan kasuwa ya raba musu kuɗinsa ko zinarinsa su riƙe masa. Shi ma saƙo ne.

In sun isa, abin da ya fi jefa mutanenmu cikin rigima ƙanana ne a idonmu. Na farko tsintuwa. In sun ga waya ko jaka ko kuɗi a ƙasa cikin Harami, su wuce, ko su nuna wa askar da hannu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɗaukar tsintuwar Makka sai ga mai cigiya, ga kuma kyamarori ko'ina. Wanda aka gani ya sunkuya ya ɗauki jakar wani, da wane harshe zai bayyana cewa niyyarsa ya kai cigiya? Ko takalmi ne, in nasu ya ɓata su sayi wani, kada su zura na mutane. Na biyu bara. Dokar da suka kafa a 2021 ta tanadi ɗaurin da ya kai wata shida ko tarar da ta kai riyal 50,000, baƙo kuma a kore shi. Tsohuwa tana iya zama a gefen hanya don gajiya, wani ya miƙo mata sadaka, ta karɓa da godiya, askar ya gani. Ta huta a cikin masallaci ko a masauki. Na uku kasa kaya a titi ko kama ɗan aiki don a ƙara guzuri, biza ba ta ba da wannan izini ba.

Sai waya. Kawu ya ɗauki hoton Ka'aba da na kansa da yayarsa, ba laifi in bai tare hanya ba. Amma kada ya ɗauki askar, ko shingen bincike, ko ginin gwamnati, ko haɗarin mota, ko matan mutane. Dokarsu ta laifukan intanet ta 2007 ta sa ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tarar da ta kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. In abin ya shafi sukar hukuma ko abin da suke ganin ya taɓa zaman lafiya ko addini, ɗaurin yana kaiwa shekara biyar. Mu nan mun saba mutum ya hau Facebook ko TikTok ya zage gwamna tas ya kwana a gidansa. Can ba haka ba ne. Kada ya ɗaga tuta ko hoton ɗan siyasa ko na shehinsa a Harami, kada ya shiga gardamar aƙida da kowa. A Baƙi'a da Uhudu da wajen kabarin Manzon Allah akwai masu tsaro da ke hana shafa gini da ɗibar ƙasa da ɗaga murya. In sun ce a matsa, a matsa. Shiga Rauda ma yanzu sai da izini ta manhajar Nusuk, ka sa kamfanin ya yi musu tun da wuri, kada su biya wani a bakin ƙofa ya ce zai shigar da su.

Ta fuskar lafiyar jiki kuwa, abin da ya fi faruwa shi ne ɓata. Ƙofofin Harami suna da yawa kuma sun yi kama da juna, mutum ya shiga ta nan ya fita ta can, sai ya ga gari ya juye masa. Ranar farko su haddace lamba da sunan ƙofar da ke fuskantar masaukinsu. Kowannensu ya rataya katin masaukin a wuya, da takarda mai sunansa da lambar jagora da taka, a rubuce da Larabci. Su sayi layin waya na can da fasfonsu, kada su karɓi wanda aka yi wa rajista da sunan wani, kada kuma su ba wani ya yi rajista da nasu. Su yi alkawarin wurin haɗuwa in cunkoso ya raba su. Da gwiwar Inna, kada Kawu ya kai ta kokawar sumbatar Hajarul Aswadi, nuni daga nesa ya isar. Akwai keken guragu da motocin lantarki na ɗawafi da sa'ayi, a yi amfani da na hukuma masu tsayayyen farashi. Su yi Umrarsu da dare ko bayan asuba, su sha ruwa ko ba su ji ƙishi ba, su riƙe lema. Matakala mai tafiya da kanta tana kayar da tsofaffin da ba su saba ba, ya riƙe hannunta, ta tattare mayafinta. Kuɗi a raba biyu, kaɗan a jiki, sauran a ɓoye a masauki, don ko a wajen ɗawafi akwai masu yankan aljihu. Kada ta hau tasi ita kaɗai. In tare suke, shi zai fara shiga, ita za ta fara fita. Lambar neman agaji a Makka da Madina 911 ce.

In jirginsu zai yada zango a Alƙahira ko Addis Ababa ko Dubai, dokar can ma tana kansu muddin suna ƙasar. A Masar an ɗaure wata Baturiyar Ingila shekara uku a 2017 saboda ƙwayoyin tiramadol kusan 300 da ta shiga da su, ta ce na ciwon bayan mijinta ne. A Dubai an yanke wa wata 'yar Najeriya shekara ɗaya a 2022 saboda bidiyon da ta ɗauka a filin jirgi ta sa a intanet. Su zauna kusa da ƙofar jirginsu, kada su riƙe wa kowa jaka ko da ya ce banɗaki kawai zai shiga.

In kuma, Allah ya kiyaye, aka tsare ɗayansu, abu uku nake so su riƙe. Kada su yi gardama ko su ɗaga murya ko su taɓa jami'i. Kada su miƙa kuɗi. Abin da muke kira na goro a shingen hanya, can cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk ɗauri ne da zai iya kai shekara 10. Na ukun shi ne mafi girma: kada su sa hannu ko su dangwala yatsa a takardar da ba a karanta musu da Hausa ba. Mutumin ƙauye yana ganin in ya dangwala za a sallame shi, alhali wataƙila amsa laifi ya yi. Akwai ɗan Najeriya da aka kama a Jidda a 2002 cikin kamen jama'a bayan mutuwar wani ɗan sanda, aka yanke masa hukuncin kisa a 2005. Ƙungiyar Amnesty ta ce an sa shi ya dangwala a takardar Larabci da bai iya karantawa ba, kuma ba lauya ba tafinta aka yi shari'ar. Ya haura shekara 20 a kurkuku. Su riƙa maimaita kalma biyu, “mutarjim”, wato tafinta, da “ƙunsuliyya Najeriya”. Yarjejeniyar Biyana ta 1963 ta ba duk baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa in ya nema. Muna da ofishin jakadanci a Riyad, da ƙaramin ofishi a Jidda wanda shi ya fi kusa da Makka da Madina. Ofishin ba shi da ikon buɗe kurkuku ko soke shari'a, amma zai iya ziyartar mutum, ya taimaka a samu tafinta da lauya, ya sa hukumar can ta san akwai masu bibiya. Ka samo lambarsu daga kamfanin, ka rubuta a takardar da ke wuyansu.

Ku kuma na gida, ku sa lokacin waya kullum, ko da minti ɗaya ne bayan isha'i. In kwana ya wuce ba ka ji su ba, kuma jagora bai ba ka gamsasshiyar amsa ba, kada ka zauna jira. Ka je ofishin kamfanin da kwafin takardun da hotunan jakunkunan nan, ka rubuta ƙorafi zuwa NAHCON da hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, NIDCOM, in maganar ƙwaya ce ka kai wa NDLEA a Kano da lambobin kayan, domin daga nan ake gano wanda ya auna jakar da wanda ya manna sunan. Ka sanar da hakiminku da ɗan majalisarku, su suna da hanyar isa Ma'aikatar Harkokin Waje da sauri. A irin wannan lokaci za a samu masu bugo waya su ce su lauyoyi ne a Jidda ko suna da hanya wajen alƙali, a turo kuɗi kafin gobe. Kada ka tura wa kowa ko sisi sai ofishin jakadanci ya tabbatar maka da shi.